Rabin Sa'ar Farko: Hunturu da Manyan Injuna a Kudancin Kano

Duk wanda ya san ƙasar da ta shimfiɗu daga Bebeji da Kiru, ta biyo ta Tudun Wada da Burumburum, ta ratsa dajin Falgore har ta hau duwatsun Doguwa da Riruwai, ya san cewa shekarar masu aikin hanya a wannan yanki ba ta cika wata goma sha biyu ba, domin tun daga lokacin da damina ta kankama har zuwa ɗaukewar ruwa a watan Oktoba, ƙasa takan jiƙe ta zama taɓo, rafuka su kawo, ramukan da ake ɗibar marmara su cika maƙil, ta yadda katafila da gireda da rola ba su da abin yi face su tsaya a yadi ciyawa tana tsirowa a ƙarƙashinsu. Sai an kawar da masara da dawa da shinkafa daga gonaki, ƙasa ta tsane, sannan ɗan kwangila ke kiran direbobinsa, a ɗora injuna a kan lobet a nufi wurin aiki. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da iskar hunturu ke saukowa daga arewa maso gabas da ɗarinta da hazonta. Ashe ke nan lokacin aiki da lokacin sanyi a wurinmu abu guda ne, kuma duk wani babban aiki da ya ratso kudancin Kano, tun daga madatsar ruwa ta Tiga har zuwa sabunta hanyar Abuja zuwa Kano da aka soma a 2018, da bututun iskar gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta da aka ƙaddamar a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Kaduna da aka aza harsashinsa a 2021, mafi yawan ƙasar da aka ture a cikinsu da rani aka ture ta, farkon ranin kuwa hunturu ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu injuna da 'yan kwangila, har ma da wasu injiniyoyi masu takardar shaida, wato cewa sanyinmu bai kai a yi masa wani tanadi ba, tun da ba mu da ƙanƙara, ruwa ba ya daskarewa a lagireto, man gas kuma ba ya sandarewa a tanki. A zahiri maganar tana da ƙanshin gaskiya. A shekarun da suka biyo bayan kammala Tiga, wato daga 1974 zuwa 1977, Amurkawa suna can suna shimfiɗa bututun mai na kimanin kilomita 1,300 a Alaska, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ƙarfe ya yi gautsi ya karye, roba ta tsage, har ya zama ba a kashe inji dare da rana, don tsoron in ya mutu ba zai sake tashi ba. Haka ake yi har yau a Saberiya da arewacin Kanada. Mu kam Allah Ya hutar da mu daga wannan jarrabawa, domin sanyin asubarmu a watannin Disamba da Janairu yakan tsaya ne a wajen digiri 10 zuwa 13, ya ɗan fi haka tsanani a tuddan Doguwa, sannan kafin la'asar rana ta ɗaga shi zuwa kusan 30. Amma fa wanda ya mayar da wannan sauƙi hujjar sakaci ya yi babban kuskure, domin mutanen Alaska suna ganin abokin gabarsu ƙuru-ƙuru, sun kuma yi masa shiri, mu kuwa ɓarnar namu a ɓoye take, ba ta bayyana sai bayan watanni, lokacin da injin ya soma shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, a ce ai tsufa ne ko rashin sa'a, alhali safiyoyin hunturu ne suka ci shi kaɗan-kaɗan.

Ya kamata mai karatu ya san yadda al'amarin yake a cikin ƙarfen, domin malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci surarsa. Injin gas ba shi da filogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai a fesa mai a kanta ya kama da kansa. To idan injin ya kwana a fili jaura tana kaɗa shi, bangon silinda kan shanye wani kaso na wannan zafi, batir kuma, wanda ƙarfinsa ke raguwa da sanyi, musamman in ya kwana biyu, ya kasa juya injin da saurin da ake bukata, baƙin mai ya yi kauri ya koma ƙasa ya kwanta. Sai ka ji kik yana gurnani, farin hayaƙi yana fita, injin ya ƙi tashi. A nan ake soma ɓarna. Wani ya danne makulli ya ƙi saki har kik ya ƙone, alhali ƙa'idar da masu ƙera injunan suka shimfiɗa ita ce kada a wuce sakan 30, a kuma saurara minti biyu kafin a sake gwadawa. Wani ya cire matacin iska ya fesa fetur a maƙogwaron injin, ko ya kunna tsumma ya kara a bakinsa, injin ya zabura da wata ƙara mai firgitarwa, wadda ringi da fistin da gaskit ne za su biya kuɗinta. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗannan injuna, da yake na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka ta Legas ko Kwatano, sun zo da na'urar ɗumama iska da aka yi musamman domin irin wannan safiya, sai dai wayarta ta tsinke tun shekarun baya, babu wanda ya kula ya haɗa, saboda an riga an yanke cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce.

Tashin injin ma ba ya nufin an tsira, domin a 'yan sakanni na farko baƙin mai bai gama hawa ya kai ga saman injin da tobo ba, ƙarfe yana gogar ƙarfe da ɗan abin da ya rage jiya, kuma masana injuna sun haɗu a kan cewa kaso mai tsoka na cinyewar inji a wannan ɗan lokaci yake faruwa. Direban da ya taka totur har ƙasa da zarar injin ya kama, don ya ji ya yi zafi da wuri, ya rage masa kwanaki da hannunsa. Haka man hadirolik da ke ɗaga bokiti da ruwan gireda: da safe yakan yi nauyi, tiyo da robobin da suka sha bushewar hunturu sun ƙage, in aka cusa bokiti cikin busasshiyar marmara nan take, sai famfo ya yi kuka, tiyo ya fashe, mai ya tsiyaye a ƙasa, aikin yini ya tsaya ana jiran wanda aka aika kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayan gyara. Maganin duk wannan bai wuce rabin sa'a ba. Direba ya zagaya injin da idonsa da hannunsa, ya duba ma'aunin baƙin mai da ruwa, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga cikin dare, yaronsa ya bi gaɓoɓi da giris. Ya tada injin ya bar shi a sulo kamar minti biyar, sa'an nan ya shiga motsa hannu da bokiti a hankali ba tare da kaya ba, ya yi gaba ya yi baya, har allurar zafi ta soma ɗagawa. Ba kuma a ce a bar shi yana sulo sa'a guda ana shan shayi ba, domin injin da ke juyi babu kaya ba ya kaiwa zafin da zai ƙone mai sarai, sai baƙin toka ya taru a cikinsa, man gas kuma ya tafi a banza.

Akwai wata al'ada ta makanikanmu da na daɗe ina ganin ta cancanci a yi mata inkari a fili, wato cire tamosta. Wannan ɗan ƙarfe, wanda bai fi cikin tafin hannu ba, aikinsa shi ne ya tsare ruwa a jikin injin har ya yi zafin digiri 80 da 'yan kai, sa'an nan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Da zarar inji ya taɓa yin zafi a watan Afrilu, abin da makanike ke fara yi shi ne ya zare shi ya jefar, ya ce wa mai injin, "Alhaji, wannan na ƙasar Turawa ne, mu nan ba mu bukatarsa," alhali sau da yawa abin da ya kawo zafin lagireto ne da ya toshe da ƙura da ƙaiƙayi, ko bel da ya saki. Da bazara ba a ganin illar sosai. Amma a watan Janairu injin da ba shi da tamosta yakan yi awoyi bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da kima, ɗanyen gas yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. A kan wannan kuma sai a ƙara zuba masa ruwan rafi ko na kududdufi tsagwaronsa, da hujjar cewa koren ruwan nan na lagireto maganin ƙanƙara ne kurum, an manta cewa shi ne kuma ke hana tsatsa da cin jikin silinda daga waje. Ban ce makanikan nan mugaye ba ne. Mutane ne masu basira, waɗanda ke tada injin da kamfanin da ya ƙera shi ya daina yi wa kayan gyara, kuma ba don su ba da rabin ayyukan ƙasar nan sun tsaya. Abin da suka gada ne daga iyayen gidansu, babu kuma wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu dalili.

Tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin dare tana da wani sharri a tanki. Idan aka tashi aiki tanki yana rabi, iskar da ke cikinsa kan huce cikin dare ta bar raɓa a jikin ƙarfe, ta gangara ƙarƙashin mai. A kusa da tafkin Tiga da fadamun Kogin Kano, inda iska ke da ɗan laima ko da rani, abin ya fi yawa. A haɗa wannan da man da aka ɗauko a durom da jarkoki marasa murfi, wani lokaci ma an gauraya shi da kananzir, sai a ga dalilin da ya sa nozul da famfon mai ke mutuwa, musamman a sababbin injuna masu kwamfuta, waɗanda ba su jure ko ɗigon ruwa. A cika tanki da yamma, a tsiyaye matarar ruwa da safe. Aikin minti uku ne.

Sai dai babban abokin gaba, wanda littattafan sanyi na Turawa ba su ba shi babi ba saboda dusar ƙanƙara ba ta da ƙura, shi ne hazo. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, ta fi ƙurar hanya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tana rataye a sama kwana da kwanaki, tana shiga duk inda iska ke shiga. A wurin aiki kuma sai ta haɗu da jar ƙurar marmara da tifofi ke tayarwa. Injin gas kuwa mashayin iska ne fiye da yadda yake mashayin mai: kowace lita ɗaya ta gas tana bukatar fiye da lita 10,000 na iska kafin ta ƙone, don haka injin da ke cin lita 20 a sa'a, a yinin sa'a takwas ya zuƙi iskar da ta haura lita miliyan ɗaya da rabi, kuma babu abin da ke tsakanin wannan iska da cikin silinda face takarda mai ninki da ke cikin matacin iska. In takardar nan ta huje ko da hujin allura ne, ko bakinta bai zauna daidai ba, ƙurar ta shige ta gauraya da baƙin mai ta zama abin wasa ƙarfe, sai ta cinye ringi da silinda a cikin 'yan makonni. To dubi yadda ake yi da ita a wuraren aikinmu: a zaro ta a buga a jikin taya, a busa ta da kwamfuresa da dukan ƙarfinta, wani ma ya wanke ta da ruwa ya shanya, a mayar, a yi ta haka har damina, saboda sabuwa tana da tsada. Akwai ƙaramar ta ciki, wadda ita ce kariya ta ƙarshe, wadda ƙa'ida ta hana a taɓa ta sai dai a canza; ita ma ba ta tsira ba. Na tabbata da za a jera kuɗin matacin iska goma a gefe guda, a ajiye kuɗin sauke inji sau ɗaya a ɗaya gefen, da babu mai hankalin da zai yi jinkirin zaɓi, amma da yake kuɗin farko yau ake fitar da shi, na biyun kuwa sai bayan wata shida, sai son zuciya ya rinjayi lissafi. Ita wannan ƙura ce kuma ke liƙe wa lagireto har injin ya yi zafi da tsakar rana a cikin watan sanyi, ita ce ke manne wa giris a gaɓoɓi, ita ce ke sa awoyi 250 da aka saba ƙidayawa tsakanin juyen baƙin mai su zama sun yi yawa a wannan lokaci.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta fi damuna, wato a wuyan wa alhakin yake. Abin da aka saba shi ne in inji ya buga, a kira direba a zazzage shi, a riƙe masa albashi ko a sallame shi, a ɗauko wani. Ni kuwa ina ganin mafi yawan lokaci an zalunce shi. A wannan yanki galibin injuna na haya ne, ana biyan su da yini, yinin kuma sa'a takwas ne. Wanda ya ɗauki haya yana son ya ga bokiti a cikin ƙasa tun ƙarfe bakwai, helima yana tsaye da agogo, tifofi sun yi layi direbobinsu suna danna oda saboda su da sawu ake biyan su, mai injin kuma yana Kano ko Zariya, abin da yake jira kawai shi ne ya ji kuɗi sun shigo. Direban da ya ce, "Yallaɓai, a ba ni minti ashirin injin ya ɗumama," amsar da zai samu ita ce ragwanci ke damunsa. Malaman fiƙihunmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan a babin ijara: wanda ya ɗauki hayar raƙumi amini ne, ba ya biyan ramuwa in dabbar ta halaka, sai fa in ya yi ta'addi, kamar ya ɗora mata kayan da ya wuce sharaɗi, ko ya zarce zangon da aka yi alkawari, ɗan ƙwadagon da ke aiki a ƙarƙashin umarni shi ma ba a ɗora masa lamuni sai an tabbatar da sakacinsa, mai sana'a kuwa da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su rumfarsa, shi an ɗora masa lamuni saboda maslahar jama'a, kamar yadda ɗalibin da ya karanta littafin Risala ya sani. In muka auna da wannan ma'auni, wanda ya tilasta a sa inji aiki da sanyinsa shi ne ya ƙetare haddi, mai injin da ya hana kuɗin mataci da giris shi ne ya yi sakaci, makaniken da ya jefar da tamosta shi ma yana da nasa kaso. Direba sai ya zo a ƙarshen layi. Saboda haka ra'ayina shi ne a rubuta rabin sa'ar nan ta safe, da 'yan mintocin da ake barin injin ya huce kafin a kashe shi da yamma, a cikin yarjejeniyar haya, a ƙidaya su cikin awoyin aiki, a biya su, domin abin da ba a biya ba a wurin kwangila ba a yin sa.

Gaggawar nan ma tana da tushe a sama. Kuɗin kwangila sukan fito ne a ƙarshen shekarar kasafi, wato daidai tsakiyar hunturu, zaɓuɓɓukanmu kuma, kamar na 2019 da na 2023, a watannin Fabrairu da Maris aka yi su, sai ya zama kowane mai muƙami yana son a ga kwalta ta kwanta kafin ranar ƙuri'a. Illar ba ta tsaya a kan injuna ba, har aikin kansa takan shafa. Marmara ba ta danƙaruwa a ƙarƙashin rola sai tana da daidai gwargwadon laima, iskar hunturu kuwa kan shanye ruwan da tanka ta yayyafa kafin rola ta iso. Kankaren kwalbati yana bukatar ban ruwa na aƙalla kwana bakwai, ba ya kuma cika ƙarfinsa sai kwana 28, in aka bar shi ga busasshiyar iska sai fuskarsa ta tsattsage tun yana ɗanye. Kwaltar da ta baro injin dafawa da zafin wajen digiri 150, in ta yi doguwar tafiya a buɗaɗɗiyar tifa da sanyin safiya, ta huce kafin a shimfiɗa ta. Manomin Burumburum da zai fito da masararsa zuwa kasuwa, da mai raken da zai bi ta Kibiya zuwa Rano, su ne za su gane sakamakon a damina ta biyu.

Kada kuma mu shagala da ƙarfe mu manta da ɗan Adam da ke kansa. Yawancin tsofaffin katafilu da rololi ba su da rufaffen ɗaki, direba yana zaune a fili tun hantsi har magariba, ya naɗe fuska da rawani, leɓɓansa sun fashe, idonsa ya yi ja, tari ba ya barinsa. Ɗan ƙyallen rufe hanci na kirki da tabarau da rigar sanyi ba su kai kuɗin lita goma na gas ba, amma sai ka zagaya wurin aiki duka ba ka ga an raba wa kowa ba. Maigadi da yaran mota da ke kwana a yadi su kan hura wuta su ji ɗumi a gefen duromin mai, a lokacin da ciyawa ta bushe ƙamas iska kuma tana kaɗawa, wasu su shiga da kaskon gawayi cikin ɗakin inji ko kwantena su rufe ƙofa, ba su san hayaƙin gawayi marar wari yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. A hanyar Falgore kuma, ranar da hazo ya sauka, lobet mai ɗauke da katafila da tifar da ta tsaya a gefen titi babu fitila babu alama sun isa su jawo asarar rayuka. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a cikin manufofin shari'a, kuma wanda ya ɗauki mutum aiki a irin wannan yanayi, ba shi kariya wajibi ne a kansa.

Ba baƙon abu nake kira a yi ba, domin ƙasar nan ta taɓa sanin darajar kula da inji. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar Bagauda, sannan aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, madatsa ta ƙasa da aka jibga aka danƙare shimfiɗa bayan shimfiɗa, wadda ta tare ruwan da ya kusa kai mita kubik biliyan biyu, ruwan da har yau yake shayar da gonakin Kadawa da Kura. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai injuna sun tashi kowace safiya, hunturu bayan hunturu, kuma hukumar WRECA da ta gaji wannan aiki ta yaye direbobi da makanikai waɗanda almajiransu ke riƙe da sana'ar har yanzu. Tun kafin wannan ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da gadoji da renon masu sana'a a cikin abubuwan da suka hau kan shugaba, ya haɗa aikin da masu yin sa a wuri guda. Mu kuwa a yau mun fi son sayen sabo a kan riƙon na hannu: a sayo injuna da kuɗin baitulmali, a jera su a yi bikin ƙaddamarwa, ba a ware ko sisi na sabis ba, bayan shekara uku ka same su a harabar ma'aikata tayoyi sun sace, an zare batir, an soma cire musu sassa ana gyara wasu. Wannan almubazzaranci ne da dukiyar marayu da talakawa, ko da kuwa babu wanda ya sa ko kwabo a aljihunsa.

Halin da kuɗinmu ya shiga ya sa abin da a da ake iya kau da kai a kansa ya zama larura. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, litar man gas kuma ta wuce naira dubu. Fistin da nozul da famfon hadirolik duk da dala ake shigo da su, ko sababbi ne ko na gwanjo. Ƙaramin ɗan kwangilar da ke da gireda ɗaya da feloda ɗaya, in injin guda ya buga masa a watan Janairu, ya rasa ranin duka, wataƙila ma ya rasa sana'ar. Ina ganin ya wajaba ma'aikatar ayyuka ta jiha da ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su sa sharaɗi a takardar kowace kwangila cewa kowane inji ya zo da littafin sabis, wanda direba ke cikewa kullum, injiniyan gwamnati kuma ya duba shi kamar yadda yake duba kaurin kwalta. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971 domin irin wannan bukata, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da makarantun koyon sana'a na jiha, suna iya shirya bita ta mako guda a watan Oktoba, kafin injuna su fita, a yi ta da Hausa, a kuma yi ta a yadi a gaban injin, a gayyato tsofaffin direbobi su koyar tare da injiniyoyi. Bayanin abin da za a yi wa inji da safe da yamma kuma, wanda bai fi layi goma ba, a rubuta shi da boko da ajami, a liƙa a jikin ƙofar kowane inji, domin da yawa daga cikin direbobin da suka fi iya riƙe gireda a wannan yanki ta makarantar allo suka biyo, kuma littafin da ya zo da injin, in ma bai ɓace a tashar jirgin ruwa ba, da Turanci ko Jamusanci aka buga shi.